Batun Wankin Hanta: Inda Na Saɓa Wa Manyana

A Gombe, da zarar idon mutum ya yi ruwan ɗorawa, fitsarinsa ya yi duhu, kafin ya kai ga tunanin asibiti an riga an yanke hukunci a zaure: shawara ce, datti ne ya taru a hanta, sai an wanke. Daga nan kowa sai ya kawo nasa. Wannan ta aiko da saiwar rawaya, wancan ya ce a jiƙa sassaƙen maɗaci, wani kuma ya ce ai akwai mai magani a wajen Tashar Dukku wanda gorarsa ɗaya ke korar shawara ko ta shekara nawa ce. Abin bai tsaya kan marasa lafiya ba. Akwai magidanta lafiyayyu, 'yan kasuwa da direbobi da ma'aikatan gwamnati, da suka mayar da wankin hanta al'ada, wasu duk wata, wasu bayan Babbar Sallah, don a cewarsu maiƙon da aka ci da ƙwayoyin da aka sha sun bar ƙazanta a ciki.

Masu wannan magana iyayena ne da goggonnina da malaman da suka koya mini karatu, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya faɗe ta da mugun nufi ba. Saboda haka ba gori na zo yi ba. Saɓanina da su a kan abu guda ne: shin hanta wuri ce da datti ke kwanciya har a kora wani ruwa ya kwashe shi? Ni dai na ce a'a. Na kuma ƙara da cewa hantar da ta ji rauni tana da hanyarta ta gyara kanta, hanya mai tsari da lokaci, kuma da yawa daga abin da muke ɗura mata da sunan taimako katsalandan ne a cikin wannan gyara.

Bari in fara da inda muka yi tarayya. Gaskiya ne hanta ce ke fama da duk abin da muka haɗiya. Jinin da ya tashi daga ciki da hanji, ɗauke da abinci da magani da guba, ba ya zarcewa zuciya. Wata babbar jijiya ce ke tattara shi ta kai wa hanta tukuna. Kimanin kashi 75 cikin 100 na jinin da ke shiga hanta ta nan yake zuwa, kuma kusan lita 1.5 na jini ke ratsa ta kowane minti. Gaskiya ne kuma akwai magani a itatuwa. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake rubuta wa mutane yau a Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Jiha, daga ganye aka samo asalinsa, wanda Tu Youyou da abokan aikinta suka tace a ƙasar Sin a 1972, har aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Duk wanda ya raina saiwa da sassaƙe bai san tarihin kwalaben da ke kan kantar kemis ba. Sai ta uku, wadda ta fi ƙarfi: mutane da yawa sun sha jiƙo, idonsu ya washe, suna nan da ransu suna ba da shaida. Wannan hujja ba ta wasa ba ce, zan dawo kanta.

Inda muka rabu shi ne abin da hanta ke yi da guba idan ta iso mata. Sarrafa ta take yi, ta canza mata siffa har ta zama abin da zai narke a ruwa, sannan ta tura ta hanji cikin ruwan maɗaciya, ko ta mayar da ita jini ƙoda ta fitar da ita a fitsari. Dare da rana ake wannan aiki, babu wani lungu da ake tara tarkace ana jiran ranar kwasa. Kitse kam yakan taru a hantar mai ƙiba ko mai ciwon sukari, amma a cikin ƙwayoyin hantar yake zaune, ba ya bin zawo ya fita. Rage nauyin jiki da motsa shi ne ke rage shi. Abin da ke samun hanta idan guba ta fi ƙarfinta shi ne ƙwayoyinta su mutu. Ƙwayar da ta mutu kuwa babu ruwan da zai tashe ta, sai dai a maye gurbinta da sabuwa.

Misali mafi kusa yana cikin aljihun kowa: farasitamol. Magani ne mai kyau idan aka sha shi bisa ƙa'ida, wato babba mai lafiya kada ya wuce giram 4 a yini, ƙwaya 8 ke nan masu miligiram 500. Hanta na sarrafa mafi yawansa lami lafiya, amma ɗan kaso kaɗan yakan rikiɗe a hannunta ya zama wani sinadari mai ƙuna. Tana da makarinsa a ajiye, wani abu da ake kira gulutatayon, wanda ke cafke shi nan take. Idan aka sha fiye da kima, ajiyar ta ƙare, sai sinadarin ya afka wa ƙwayoyin da suka samar da shi. Likitoci biyu a Sikotlan, Davidson da Eastham, sun ba da rahoton mutuwar hanta ta wannan hanya a 1966, kuma a 1973 masu bincike a Amurka suka warware yadda abin ke faruwa. A lura da kyau: hantar ce da kanta, garin sarrafa magani, ta ƙera abin da ya ƙone ta. Haka take yi da sinadaran wasu itatuwa ma.

Don a gane abin da ke biyo baya, sai an leƙa ciki. Idan aka yanki siririn sashe na hanta aka ɗora a ƙarƙashin madubin likita, za a ga ta kasu ƙananan yankuna masu kusurwa 6, kowanne faɗinsa bai fi milimita 1 ko 2 ba. Jini na shigowa ta kusurwoyin, ya riƙa tsiyaya a hankali ta wasu siraran hanyoyi tsakanin jerin ƙwayoyin hanta, har ya taru a wata jijiya a tsakiya. Bangon waɗannan hanyoyi a huhhuje yake, ta yadda ruwan jini ke taɓa ƙwayoyin hanta kai tsaye. A jikin bangon ta ciki akwai wasu ƙwayoyi masu gadi da cinye tarkace, waɗanda ke ɗauke da sunan Bajamushen nan Kupffer da ya yi rubutu a kan wannan wuri a 1876. A bayan bangon kuma, cikin wani ɗan tsukin sarari, akwai wasu masu rassa, suna zaune shiru riƙe da ajiyar bitamin A ta jiki. Wani ɗan Japan mai suna Toshio Ito ya yi bayaninsu a 1951. Ƙwayoyin hantar da ke kewaye da jijiyar tsakiya su suka fi yawan abin da ke rikiɗa farasitamol, su ne kuma jini ke isa gare su bayan an shanye yawancin iskar da ke cikinsa, shi ya sa su ke fara mutuwa. Likitan da ya duba hantar wanda ya sha fiye da kima zai ga zobe-zobe na matattun ƙwayoyi a tsakiyar kowane yanki, gefe kuwa da rai.

Daga nan zance ke farawa tsakanin waɗanda suka tsira, sai dai da sinadarai ake yin sa. Ƙwayar da ta fashe takan zubar da kayan cikinta, abubuwan da bai kamata a gan su a waje ba. Da masu gadi sun ci karo da su, sun san an yi ɓarna. Sai su saki saƙo iri biyu. Ɗaya ya bi jini yana kiran fararen ƙwayoyin da ake ƙerawa a ɓargo su kawo ɗauki. Ɗayan na maƙwabta ne, ƙwayoyin hantar da ke bakin raunin, yana ce musu su shirya. Wannan shiri ba ƙaramin abu ba ne, domin a zaman lafiya ƙwayar hanta takan yi watanni ba ta rabu biyu ba. Sai ta ji wannan kira take fita daga hutunta. Amma kiran kaɗai bai isa ba. Sai wani saƙon ya iso daga ƙwayoyin bangon hanyoyin jinin da masu rassa, wani sinadari mai haɓaka hanta wanda Toshikazu Nakamura ya tsamo a Japan a 1984 daga jinin ɓerayen da aka yanke wa hanta. Hatta ƙananan ƙwayoyin nan da ke daskarar da jini suna da nasu saƙon da suke saukewa a wurin. Idan waɗannan suka haɗu, sai ƙwayoyin bakin raunin su fara rabuwa, ɗaya ta zama biyu, suna matsawa cikin filin da baƙin da aka kira suke sharewa.

Abin da ya fi kama da wannan a rayuwarmu shi ne gayyar tada katangar da damina ta kayar: akwai mai shela, akwai masu kwashe ɓaraguzai, akwai masu ɗora tubali, akwai kuma dattijon da zai ce ya isa haka, a tashi.

Wannan mai cewa ya isa shi ya fi ɗaure wa masana kai. A 1931, Higgins da Anderson na asibitin Mayo a Amurka suka yanke kashi 2 cikin 3 na hantar ɓera. Cikin kamar mako guda zuwa kwana 10 ragowar ta girma ta mayar da nauyin da aka rasa, sannan ta tsaya cak. A 1967, Moolten da Bucher a Boston suka haɗa hanyoyin jinin ɓeraye biyu, suka yanke hantar ɗaya. Sai ga hantar ɗayan, wadda ko wuƙa ba ta gani ba, ta fara shirin girma. Ta nan aka tabbatar saƙon a cikin jini yake tafiya. Daga baya likitocin dashe a Pittsburgh suka sa hantar ƙaramin kare a jikin babba, ta girma har ta dace da sabon jikin, ta tsaya. A kan wannan hali na hanta aka dogara tun 1989 ake yanko sashen hantar uwa ko uba mai rai a dasa wa ɗansu, kuma duka ɓangarorin biyu su girma. Babu jiƙon da aka ba waɗannan hantoci ya faɗa musu yaushe za su fara da yaushe za su daina.

Zancen ba kullum alheri yake kaiwa ba. Ƙwayoyin hanta maƙwabta suna da 'yan ƙofofi tsakaninsu da suke miƙa wa juna ƙananan sinadarai, kuma a 2012 masu bincike a Boston sun nuna cewa toshe waɗannan ƙofofi a ɓeraye yana rage yaɗuwar ɓarnar farasitamol daga ƙwaya zuwa ƙwaya. Amma gwajin da ya fi shiga zuciyar maganata shi ne wanda aka yi a Birtaniya aka buga a 2005. Sun yi makonni suna ba ɓeraye wata guba mai lalata hanta, sannan suka kawar da ƙwayoyin nan masu cinye tarkace a lokuta biyu daban. Da suka kawar da su ana tsaka da ba da guba, tabo ya ragu. Da suka kawar da su bayan an daina, lokacin warkewa, sai tabon ya ƙi gushewa. Ashe ƙwayoyi iri ɗaya ne ke aiki biyu masu karo da juna, gwargwadon abin da suke ji a kewayensu. Muddin ana ci gaba da mutuwa, za su yi ta zuga masu rassa, su kuwa su zubar da bitamin ɗin da suke riƙe da shi su koma saƙa zare mai tauri don riƙe wurin kada ya rushe. Idan mutuwar ta tsaya, masu cinye tarkacen suka gama kwashe gawarwakin, sai halinsu ya juya, su fara sakin abin da ke narkar da wannan zare.

Daga nan ake gane wani abin mamaki da likitoci suka daɗe da sani. Wanda ya sha farasitamol mai yawa sau ɗaya, hantarsa ta kusa ƙarewa amma Allah ya yi da sauran kwana, galibi cikin makonni takan koma daidai ba tare da tabo ba. Wanda kuwa ake yi wa ɗan rauni kaɗan-kaɗan, yau da gobe, shekara da shekaru, shi ne zaren ke taruwa masa har hantar ta ƙanƙance ta taurare, ciki ya cika da ruwa, ƙafa ta kumbura, wata rana a ga aman jini. Hantar ba ta taɓa samun shirun da za ta juya daga faci zuwa gyara ba. Mai wankin hanta duk wata ya kamata ya tsaya a nan ya yi tunani, domin in akwai abu mai cutarwa a abin da yake sha, to cikin rukuni na biyu ya sa kansa.

Yanzu a duba gorar kanta. Kowa ya san motar nan mai lasifika a saman kai da ke tsayawa bakin tasha ko bakin kasuwa da la'asar. An buɗe but, an jera robobin ruwa da aka sake cikawa da wani abu mai kalar ƙasa, gari-gari ya kwanta a gindi, wata murfinta ya kumbura saboda ta kwana biyu a rana. In akwai takarda a jiki, jerin cututtuka ne: shawara, basir, sanyi, taifot, dattin ciki. Jerin abin da aka zuba a ciki kuwa babu, domin sirrin gado ne. Ƙa'idar sha, rabin kofi safe da yamma. Wane kofi? Saiwar da aka tona da rani da wadda aka tona da damina ƙarfinsu ɗaya ne? Duk abin da ke cikin robar nan, ta wannan babbar jijiya zai bi, ya sauka kan ƙwayoyin da ke tsaka da rabuwa, waɗanda ajiyar makarinsu ta riga ta yi ƙasa.

Ba zargi nake yi a kan iska ba. Rai-ɗore da ke tsirowa a bayan gidajenmu, a gundumar Saharanpur ta Indiya an yi shekaru yara na mutuwa da wata cuta mai kama hanta da tsoka da ƙwaƙwalwa, ana zaton ƙwayar cuta ce, sai binciken da aka buga a 2007 ya danganta ta da cin ɗanyun 'ya'yan wannan tsiro. A Afirka ta Kudu akwai saiwar impila, wadda Zulawa ke girmamawa a maganin gargajiya, likitocin can kuma sun rubuta mace-mace da dama na lalacewar hanta da ƙoda ta dalilinta. A Jamaika, a shekarun 1950, an gano shayin daji da iyaye ke dafa wa yara don ƙarin lafiya yana toshe ƙananan jijiyoyin hanta. Iyayen Jamaika ba su fi namu rashin son 'ya'yansu ba. Ban ce kowace gora guba ce ba, kuma na san an gwada rawaya da wasu itatuwanmu a jami'o'i an ga alamun kariya. Sai dai yawancin irin waɗannan gwaje-gwaje a kan ɓeraye ne, da awo sananne, sau da yawa ma ana ba da tsiron tun kafin a ba da gubar. Tsakanin wannan da ɗura wa mai shawara kofi biyu a yini akwai tafiya mai nisa.

Kada kuma a ce na ɗora laifi kan masu saiwa na ƙyale masu kwalba. Ɗan dako ko mai Keke Napep da ya wuni yana aiki yakan tsaya a kemis ya ce a ba shi haɗin gajiya. A ƙulle masa ƙwayoyi a leda: Panadol, da na mura, da na ciwon jiki, alhali sau da yawa duka ukun akwai farasitamol a cikinsu. Ya kora da ruwa a kan cikin da bai ga abinci ba tun safe, ita kuwa yunwa rage ajiyar makarin take yi. Magungunan tarin fuka ma, 3 daga cikin 4 da ake farawa da su suna iya taɓa hanta; shi ya sa ake ce wa mai shan su in ya ga idonsa ya canza ya koma wurin likita da gaggawa, kada ya yanke wa kansa hukunci. Su ma Turawa suna da nasu wankin hantar, a kwali mai sheƙi. Mafi shahara cikinsu, silimarin, an gwada shi a Amurka a kan masu ciwon hanta nau'in C, sakamakon da aka buga a 2012 ya nuna bai fi ƙwayar da babu magani a cikinta ba.

To, waɗanda suka sha suka warke fa? Wata goggota ta taɓa tare ni da wannan. Ta ce, "Ɗan nan, da rawaya na yi jinyar ubanka, ga shi har ya haife ka. Asibitin naku a lokacin yana ina?" Na ce, "Goggo, Allah ya saka miki da alheri. Ni dai ina ganin kunun da kika tsare shi da shi, da ruwa, da hana shi fita gona, sun fi rawayar aiki." Ta ce in tashi in ba ta wuri. Amma hujjar tana nan. Ciwon hanta nau'in A da nau'in E, da ake ɗauka a gurɓataccen ruwa da abinci, galibi da kansu suke tafiya cikin makonni. Nau'in B ma, idan babba ya kamu, kimanin 95 cikin 100 jikinsu na korar sa. Saboda haka duk abin da aka sha a mako na biyu shi zai karɓi yabon aikin da ƙwayoyin hanta suka kammala a mako na huɗu. Wanda bai tashi ba kuwa ba a sa shi a lissafin gorar. A ce kwana ya ƙare, wanda gaskiya ne, amma bai hana a tambayi sanadi ba.

Alamomin da ake cewa datti na fita su ma a dube su. Launin ɗorawar nan daga tsofaffin jajayen ƙwayoyin jini yake fitowa, hanta ce ke tura shi hanji. Idan ta gaza, sai ya koma jini, ya rina ido, ya fita ta fitsari. Duhun fitsari shaidar ciwon ce, da magani da babu magani za a gan shi. Zawon da jiƙo ke sawa kuwa daga hanji yake, abin da yake kwashewa ruwan jiki ne da gishirinsa, a daidai lokacin da ƙoda ke bukatarsu. Sannan ruwan ɗorawa a ido ƙofofinsa da yawa. Akwai na zazzaɓin cizon sauro da na sikila, inda jini ne ke farfashewa. Akwai na tsakuwar da ta toshe hanyar maɗaciya, wanda sai an yi aiki. Akwai zazzaɓin shawara da sauro ke yaɗawa, irin wanda ya ɓulla a Alkaleri ta maƙwabciyarmu Bauchi a 2019. Akwai nau'in E da ya ɓarke a Diffa da Ngala a 2017, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana iya kashe 20 zuwa 25 cikin 100 na mata masu tsohon ciki da suka kamu. Gwajin jini ne ke rarrabe waɗannan, kuma ana yin sa a cikin garin nan.

Mutanen jihar Gombe sun fi kowa sanin menene makari na gaskiya. Manomin da kububuwa ta sara ya san Kaltungo zai nufa, inda ake da allurar da aka yi musamman don dafin wannan maciji. Haka makari yake: guba sananniya, magani sananne, lokaci ƙayyadadde. Farasitamol ma yana da nasa, asetilsistin, wanda Prescott da abokan aikinsa suka tabbatar da amfaninsa a Edinbara ta Sikotlan a ƙarshen shekarun 1970. Aikinsa shi ne ba hanta kayan da za ta sake ƙera gulutatayon. Idan aka fara shi cikin awa 8 kusan kariya cikakkiya yake bayarwa. Ko an makara yana taimakawa, amma ba kamar da wuri ba. Matsalar ita ce a ranar farko mutum ba ya jin komai sai ɗan tashin zuciya, idon ba ya canzawa sai wajen kwana na uku. Kafin a jiƙa saiwa, lokaci mafi tsada ya wuce.

Ko tabon da ya riga ya zauna ba a yanke masa ƙauna ba, in dai an tsayar da abin da ke kawo shi. A wani bincike da aka buga a 2013, an bi masu ciwon hanta nau'in B da ke shan tenofobir tsawon shekara 5. Cikin mutum 96 da hantarsu ta riga ta taurare tun farko, 71 an sake dubawa an ga sun fita daga wannan mataki. Tenofobir ba ya narkar da tabo. Ƙwayar cutar kawai yake dannewa, mutuwa ta tsaya, ƙwayoyin hanta su juya zancensu, su yi sauran aikin da kansu. Ba duk mai nau'in B ke bukatar sa ba, gwaji ne ke nunawa, kuma wanda aka ɗora a kai bai kamata ya ajiye shi don wani ya yi masa alkawarin warkewa cikin mako biyu ba. Roƙona ga masu maganin gargajiya na ƙwarai, waɗanda suka gaji sana'ar kuma suke tsoron Allah a cikinta, shi ne su riƙa rubuta abin da suka haɗa, in kuma suka ga mai shawara, musamman mai ciki ko yaro, su ce ya je a gwada jininsa tukuna. Marar lafiya shi ma kada kunya ta sa ya ɓoye wa likita abin da ya sha.

Abin da ya fi damuna shi ne muna kashe kuɗi kan dattin da babu shi, alhali gubar gaske na shigowa ta kwanon abinci. Gombe garin hatsi da gyaɗa ne. Wanda ya shiga Tudun Hatsi da kaka ya ga buhunan masara jibge, ya kuma san yawan injinan matsar man gyaɗa da ke garin. Masara da gyaɗar da ba su bushe sosai ba, ko aka shanya su a ƙasa, ko aka ajiye su a ɗaki mai danshi, wata fumfuna na kama su ta bar guba mai suna afulatoksin, wadda dafuwa ba ta kashewa. An gano ta ne bayan talo-talo kimanin 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda abincin gyaɗa. A Kenya a 2004 ta kwantar da mutum 317 ta hanyar masara, 125 suka rasu. Amma aikinta na yau da kullum a ɓoye yake: hanta ta sarrafa ta, ta rikiɗe ta zama abin da ke lalata ƙwayar gado, shekaru su wuce, ciwon daji ya fito. Idan ta haɗu da nau'in B abin ya fi muni. Binciken da aka yi a Shanghai a farkon shekarun 1990 ya nuna haɗarin dajin hanta ya kai kusan ninki 60 ga masu duka biyun. Ƙididdigar ƙasa ta 2018 kuwa ta nuna kashi 8.1 cikin 100 na manyan Najeriya na ɗauke da nau'in B, akasarinsu ba su sani ba. Tsince gyaɗar da ta yi baƙi ko ta motse yana rage gubar ƙwarai, in dai abin da aka tsince bai koma cikin ƙuli-ƙuli mai araha ko kunun yara ba, kamar yadda yake yawan faruwa. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta kuma samar da Aflasafe don rage wannan guba, wanda ake watsawa a gona makonni kaɗan kafin amfani ya yi fure.

Shi kuma nau'in B, mafi yawan masu ɗauke da shi har abada tun suna ƙanana suka same shi. Jaririn da ya kamu wajen haihuwa, kusan 90 cikin 100 cutar na zama masa, saɓanin babba. Rigakafinta na cikin jerin alluran yara a Najeriya tun 2004, kyauta ne a asibitocin gwamnati, amma ta farkon ana so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa. A nan take karo da al'adarmu, domin jaririn da aka haifa a gida a Bolari ko Pantami ko Jekadafari ba kasafai ake fita da shi ba sai bayan suna. Ba sai mai jego ta fita ba. Ungozoma ko wata babba a gidan na iya naɗe shi ta kai shi asibitin unguwa da safe, a yi masa, tare da ta tarin fuka da ɗigon shan inna, a buɗe masa katin rigakafi a rubuta ranar da zai koma idan ya cika mako 6.